Halittar Tekun Da Muka Shanya A Faifai

Muna idar da sallar asuba muka bar Daura, ni da kawuna, a gaban tirelar da ta ɗauko shanunsa za ta Legas. Shi ya daɗe yana bin wannan hanya. Ni kuwa ban taɓa wuce Zariya ba, inda na yi jami'a, kuma ba ciniki ne ya fito da ni ba. Alkawari ne.

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Dutsi. A zangon da ya wuce na gaya wa ɗalibaina cewa an ce akwai wata halitta a teku, jelifish, mai kama da lema, ba ƙashi, ba jini, ba ƙwaƙwalwa. Na ce an ce hayaƙin girki da na motoci yana ɗauke da wani sinadari, kabon, wanda yawansa a iska ke ƙara wa duniya zafi. Tsirran ruwa da ido ba ya gani su zuƙe shi, ƙananan ƙwarin ruwa su ci tsirran, ita ta ci ƙwarin, in ta mutu ta nutse da shi can ƙasan teku. Daga ranar yara suka sa mini suna Malam An-ce.

Dattijon da ke koyar da Larabci ya ja ni gefe. Mutum ne da tun ƙaddamar da Shari'a kullum maganar shaida ce a bakinsa. Ya ce, "Ɗana, ka gan ta da idonka?" Na ce a'a. Ya ce, "To da wane baki kake tsayawa gaban 'ya'yan mutane?" Don kunya na ce in Allah ya yarda bayan hutu zan kawo masa ita a hannu. Na faɗa ne kafin in yi tunani.

Hanya ta ci mana kwana biyu. Bayan Kaduna kukoki suka ragu, daji ya yi duhu, ramukan titi kuma wasu sai direba ya tsaya ya yi shawara da kansa kafin ya shiga. Duk inda muka tsaya kawu sai ya hau baya ya tada duk bijimin da ya kwanta, kada 'yan uwansa su tattake shi. A Jebba da muka hau gadar Kwara na riƙe ƙofa da hannu biyu, na tambaya ko haka teku yake. Kawu ya ce, "Wannan ai ruwan buta ne." A Ilori na ci amala, tuwon Yarbawa, da miyar da barkononta ya sa ni hawaye. Kuɗin kwano ɗaya zai ciyar da mutum biyu a Daura, sai dai ban sani ba ko ganin baƙo aka yi mini.

Bayan an sayar da shanu muka nufi wani ƙauyen masunta wajen Badagiri, inda wani abokin karatuna yake binciken halittun ruwa. Kawu ya ce zai raka ni, wai kada in nutse a tambaye shi a gida.

Teku dai ban san yadda zan kwatanta shi ba. Mutumin da ya tashi yana jan guga a rijiya, ga ruwa har inda sama ta ƙare, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Muka shiga kwalekwale mai inji da hantsi. Bayan mun yi nisa masunci ya kashe inji ya nuna ƙasa da haɓarsa.

Suna nan, jelifish ɗin. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Duk inda na kai ido, har can inda hasken rana ya gaza. Kowace tana buɗewa tana rufewa a hankali kamar mai numfashi, kana hango ruwa ta cikin jikinta. Babu mai kora su, babu mai jan gaba. Na ji bakina yana tasbihi ban ma sani ba. Masuntan kuwa ba sa ƙaunarsu, don suna cika taru su yi nauyi, kuma suna harbi. Na taɓa gefen guda, yatsana ya yini yana zafi kamar na kama ƙaiƙayi.

Aka ɗebo mana babba a bokiti. Kawu ya zagaya ta da idon mai sayen dabba, ya ce, "To ita wannan a ina ake sa mata wuƙa?" Sannan muka shiga tunanin yadda za ta isa Daura ba ta ruɓe ba. Abokina ya koma wajen aikinsa, don haka mu biyu muka yanke shawara, kuma shawarar gida muka yanke: abin da ake so ya daɗe, shanya shi ake yi, ko kuɓewa ce ko kilishi. Muka sayi faifai, muka baje ta a rana, muka tafi salla da cin abinci.

Da la'asar muka dawo, ba ta nan. Kawu ya fara zargin magen gidan da muka sauka. Ni na durƙusa na duba: wani zagaye ne kawai a faifan, da 'yar busasshiyar fata siririya kamar ɓawon albasa, sai gishiri. Na tuna fuskar dattijon nan.

Abokina da ya zo ya yi dariya har ya zauna a yashi. Ya ce, "Malam, ruwa kuka shanya. Kusan dukanta ruwa ce. Wannan 'yar fatar, a cikinta kabon ɗin naka yake." Na ce to wannan me zai rage wa duniya? Ya tuna mini yawan da na gani da safe. Ya ce in suka mutu tare sukan nutse da sauri, kafin su gama ruɓewa a sama, kuma akwai danginsu da kashinsu ma nutsewa yake. Amma ya ce wani kason kabon ɗin yana komawa ruwa da iska, kuma masana ba su gama daidaita yawan wanda ke isa ƙasa ba. Na sa ya maimaita, na rubuta, don kada in ƙara gishiri.

Na naɗe faifan a rigata, ban bari ya bar cinyata ba har Daura.

Ranar da aka koma makaranta na kai wa dattijon, na ba shi labari ban rage ba, har da shanyar. Ya ɗaga faifan a haske, ya shinshina, ya daɗe yana kallon zagayen. Ya ce, "Tana numfashi, ka gani?" Na ce na gani. "Ba ƙashi?" Na ce na taɓa. "Nutsewar fa?" Na ce wannan kam, Baba, an ce. Ya miƙo mini faifan ya ce, "To haka za ka gaya wa yaran, kowanne a wurinsa."

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan, in ban yi kuskure ba: in raba abin da na gani da abin da aka gaya mini, kuma kada in ji kunyar ko ɗaya. Yara ba su daina kirana Malam An-ce ba. Faifan yana rataye a gefen allo, kuma jiya na iske dattijon shi kaɗai a ajin, ya sa tabarau yana sake dubawa.