Jan Fentin Mai Kwalabe

Ƙarfe bakwai take fitowa da jakar kwalabenta. Ta ɗebi ruwa a wannan rijiya, ta toshe, ta manna takarda, ta wuce ta gaba, daga nan sai ɗakin gwaji. Shekara ashirin da shida ke nan. Ma'aikaciyar gwajin ruwa ce, Mai Kwalabe muke ce mata, da farko don tsokana. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma har yau ba mu ji wanda zai gaje ta ba. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Ba wanda ya kai ni yi mata rashin kunya. Ranar da ta shafa jan fenti a bakin rijiyar da mahaifina ya haƙa, alamar kada a sha ruwanta, na taso mata. "Baiwar Allah, dubi ruwan nan, garau! Ko wari babu."

Ta ce, "Shi ya sa nake tsoronsa, Malam. Gubar asenik ce daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. A hankali take ɓata tsarin ƙwayoyin halittar jiki, sai bayan shekaru ciwon daji ya iya bayyana."

Matata ta ce ai mu tafasawa muke yi. Mai Kwalabe ta dafe kai. "Uwargida, ba ƙwayar cuta ba ce balle wuta ta kashe ta. Ruwan ne ke tafiya a tururi, gubar ta zauna a tukunya ta ƙara ƙarfi."

Ashe itace muke ƙonawa muna ƙara wa kanmu guba.

Yayana tela ne, kantar tafinsa mun daɗe muna ɗora wa almakashi. Mai Kwalabe ta duba hannun, ta sa ya cire takalmi, sai ga irin kantar a tafin ƙafarsa, ashe alamar gubar ce. "Da ƙafa ma yake riƙe almakashin?" Ita ta raka shi asibiti. Har yanzu yana zuwa.

Mai Kwalabe, ke ce kika sha zaginmu, kika dawo washegari da wata kwalbar. Ke ce kika yi ta zarya har aka gano rijiya mai lafiya. 'Yata ta girma kan tsohon ruwan, yanzu cikinta wata bakwai. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma jikana ba zai kurɓi ruwan nan ba, kuma albarkacinki ne. Allah Ya saka miki da alheri.

Jama'a, a kai ruwa gwaji, masu ilimin aikin kuma su karɓi jakar nan. Fentin rijiyarmu ya fara dusashewa. Jiya na sayo gwangwani, da hannuna na sake shafa shi.