Simintin da Na Shafa wa Zauren Baba

Mahaifinmu magini ne, irin na ƙasa. A ƙauyukan da ke tsakanin Gatawa da Sabon Birni akwai zaurukan da har yau in ka shiga za a ce maka hannunsa ne. Amma wanda ya fi ji da shi shi ne na ƙofar gidanmu. Rufin ɗaurin guga ya yi masa, bakuna suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, babu ginshiƙi ko ɗaya. Ko a tsakiyar bazara, in ka shigo daga rana sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a ka.

Mu biyu muka rayu a ɗakin Innarmu, ni da ƙanwata da muke kira Auta. Ni ya kamata in gaji sana'ar, ban gada ba. Ina gama firamare na ga taka ƙasa wahala ce, na nemi babur na shiga kai kaya Nijar. Ita kuwa tun tana ƙarama ba ta da wurin zama sai bakin ramin kwaɓa. Gini ba aikin mata ba ne a wurinmu. Baba bai taɓa miƙa mata tubali ba, amma bai taɓa korar ta ba. Ni ne mai korar ta, in ce ta koma cikin gida ta yi daka.

Karatu ya karɓe ta, har ta kai jami'a ta koyi zanen gine-gine. Yau tana zana wa mutane gidaje da makarantu, tana koyar da ɗalibai, ta kuma rubuta littafi a kan ginin ƙasa. Ta ba ni ɗaya. Turancin ya fi ƙarfina, hotunan kawai nake dubawa.

Bayan rasuwar Baba ta zo ta auna zauren lungu-lungu, ta zana shi. Da za ta tafi ta tsayar da ni a ƙofa.

"Yaya, abu guda nake roƙo. Duk shekara kafin ruwa ya sauka a yi mishi yaɓe, a gyara indararo. Kada ka bari siminti ya taɓa bangon ga."

Na ce, "To, Injiniya. Siminti ma ya zama haramun?"

"Ba haramun ba ne, jinsinsu ne ba ɗaya ba. Ƙasa tana shan ruwa ta fitar. In ka rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ba shi da ƙofar fita."

"A takarda kin ka gani?"

Ta yi dariya. "Bakin Baba na ji shi, lokacin da kake korata."

Na yi yaɓen shekarun farko. Daga baya daji ya lalace, zuwa ɗebo ƙasa da ciyawa bayan gari ya zama sai an yi shahada. Wannan gaskiya ne, kuma da shi na fake. Amma abin da ya ci ni shi ne bakin abokaina a tasha. Akwai wanda kullum sai ya ce, "Ƙanwarka tana zana wa manya benaye, kai kana kwana cikin gidan gara." Sai kowa ya bushe da dariya, ni ma in taya su, abin yana sukata.

Da bikin 'yata ya matso, na ɗauko masu filasta. Suka kafa ƙusoshi a bangon, suka shafe shi da siminti ciki da waje, aka yi fenti. Inna ta leƙo ta ce, "Ka gaya wa 'yar'uwarka?" Na ce mata gidan a hannuna yake.

Auta ta zo bikin. Tana sauka daga mota ta ga zauren, ta bari sai da baƙi suka watse. Sannan ta ɗora tafin hannunta a bango, ta ƙwanƙwasa. Ya yi ƙara kamar ƙwaryar da ba komai a ciki.

Ta ce, "Yaya, bai ɓaci ba tukuna. Bari in kawo masu ɓamɓare shi kafin damina."

"A ce mace ta zo ta sa an rushe aikin yayanta? Ina za ni sa kaina cikin garin ga?"

"Ka ce kai ka canza shawara. Ni ba na son a ambace ni."

Na ƙi. Laifin farko ina iya cewa rashin sani ne. Wannan kuwa da idona biyu na yi shi.

Damina biyu ya yi. A ta uku, wata rana da la'asar ana yayyafi, ina tasha aka zo aka ce in je gida. Na tarar da rufin a ƙasa. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Simintin ya tsage ɓawo-ɓawo, ƙasar da ke bayansa ta zama kamar kunu. Inna tana tsaye da buta a hannu, ba ta dube ni ba.

Hanya ba ta da kyau a lokacin, amma Auta ta zo. Ta zagaya tarin ƙasar, ta tsuguna ta ɗauki dunƙule ta murje shi.

Na ce, "Ba kina da zanensa ba? A sake tada shi."

"Zane akwai, Yaya. Hannu ne babu."

Yaran aikin Baba da suka iya ɗaurin guga, ɗaya ya rasu, ɗaya ya kwashe iyalinsa ya ƙetara Nijar tun da aka fara kawo hari. Wanda ya kamata ya zama na ukunsu yana tsaye a gabanta da makullin babur a hannu. Ba ta faɗa ba.

Ta nemi izinina ta ɗauki hoto don ta nuna wa ɗalibanta. Na ce, "Za ki ce musu wa ya yi?"

"Za ni ce masu gida."

Yanzu fallen kwano ne a ƙofar gidanmu. Ɗakin Inna shi ma ginin Baba ne, kuma bana da kaina na yi masa yaɓe. Ƙafafuna ba su san taka ƙasa ba, ban san yawan ciyawar da ake zubawa ba. Na kira Auta a waya ina tsaye cikin ramin, ta riƙa gaya mini yadda Baba yake yi. Da na gama na tura mata hoto. Ta ce gefen indararo ya yi kauri, in kankare in sake.