Ranar da Baba ya ɗaga hoton ƙashi ga rana

Ina shiga gida Baba ya kawar da kai, ko gaisuwata bai amsa ba.

Baba mai ɗori ne a Ngong, tun kafin a haife ni ake kawo masa masu karaya. Da 'yata Hadiza ta faɗo daga babur a hanyar lekol, wato makaranta, ya shafa hannunta ya ce, "Ƙashi biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Na ɓangaren babban yatsa ne ya tsage. Bari in ɗora."

Ni kuwa tsoro ya kama ni, kada yarinya ta tashi da karkataccen hannu. Na ɗauke ta sai asibiti a Garwa. Wannan ne laifina.

Na miƙa masa hoton ƙashin da aka ɗauka, wanda a nan muke kira radiyo. Ya karɓa da ƙyar, ya ɗaga shi ga rana. Ga ƙasusuwa biyu, ga tsagar, daidai inda ya faɗa.

Ya daɗe yana bin ta da yatsa. Can ya ce, "Ashe haka suke. Duk rayuwata ina lalube, yau na gani."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri."

Ya ce, "Bar zancen. Gobe akwai mai karaya a cinya. Ka fara kai shi a ɗauko min irin wannan."

Na zaci sai ɗaya ya kori ɗaya, hannun Baba ko na'urar likita. Ku a gidanku, wa ake fara nema in ƙashi ya karye?