Ranar Da Kaka Ta Bi Ruwa

Ba mu da murhu a Laurel, garin da muke zaune a Amurka. Hita muke da ita, mai sanduna uku da ke yin ja idan an kunna, amma Kaka murhu take ce mata, kuma duk wanda ya gyara mata sai ya sha harara. Gidanmu a hawa na biyu yake, kusa da layin dogo, duk jirgin da zai wuce Baltimore sai ya kaɗa mana kofuna. Mama tana aikin kula da tsofaffi, sau da yawa ta haɗa aikin rana da na dare, Baba kuma yana gadi a wani sito. Saboda haka da an idar da Magariba, daga ni sai Kaka a gaban hitar nan. Takan ce a garinsu yara ashirin ke kewaye mai tatsuniya, ita kuwa Allah ya haɗa ta da guda ɗaya tak, ita ma mai bakin Turawa.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa iyayena ke kirana Ummi, ita kuma Takwara. Ina shekara bakwai ta zo da bizar wata shida. Wata shida ya cika, ba ta koma ba. Cikin 'ya'yanta biyar Mama kaɗai ta rage mata, takardun Mama kuwa sun maƙale, ba ta da halin fita ƙasar. Idan Kaka ta tafi ba za a sake barinta ta shigo ba, ke nan sun rabu har abada. Ta zaɓi 'yarta, amma ba ta taɓa kwance jakarta ba. Tana nan ƙarƙashin gado a ɗaure, da zannuwa uku da carbi da kwalbar man zafi.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta miƙe ƙafa, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Ni kuma in ce, "Ta shigo mu ji ta." In ta gama sai ta ce, "Nan na ajiye ta, mai so ya ɗauka."

Gizo bai cika samun wuri a bakinta ba. Tatsuniyoyinta duk tafiya ce, domin ita ma 'yar tafiya ce. A wani ƙauye kusa da dajin Yankari aka haife ta, aure ya kai ta Badagry wurin kakana mai fataucin busasshen kifi, ta yi shekara talatin tana jin ƙarar teku. Ta bakinta na san ruwan Wikki mai ɗumi, wanda kana tsaye a ciki har wuya kana ganin farcen ƙafarka. Ta bakinta na san gwaggon biri ba ya tsoron mace, zai fizge ƙullin abinci a hannunki ya zauna gabanki ya ci. Na san giwa ba ta da ƙarar tafiya, sai dai ka ji reshe ya karye. Na san Lokoja, inda ruwa biyu ke haɗuwa kowanne da launinsa, da itatuwan kwakwa na Badagry da suka karkata wajen teku. Tana faɗa tana lumshe ido, wani lokaci har ta manta ina wurin.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Talatu. Talatu 'yar masunta ce daga bakin tekun Badagry, ta biyo fatake zuwa arewa, suka tashi da asuba suka manta da ita a tsakiyar daji. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sai ga wata tsohuwar giwa mai haure ɗaya. A nan Kaka kan ƙanƙance murya ta yi ƙasa da ita: "Yarinya, ni ban san gidanku ba, amma ruwa ya sani. Ki bi shi duk inda ya gangara, kada ki juya masa baya." Talatu ta bi ruwan Wikki ya kai ta ƙaramin kogi, ƙarami ya kai ta babba. Birai suka ce ta zauna su ba ta kanya, ta ƙi. A Lokoja matan Nufawa masu sayar da duwatsun wuya na kwalba suka ce ta zauna su riƙe ta 'ya, ta yi godiya ta ƙi. Dorina ta goya ta kwana bakwai. Tun ba ta ga teku ba ta ji ƙararsa, ta kuma tarar da uwarta tana banda kifi. Uwar ko ɗagowa ba ta yi ba, da takun ƙafa ta gane 'yarta.

Ni kuwa da na fara wayo sai na zama 'yar gardama. Wata rana na zo da taswira daga makaranta, na shimfiɗa mata, na nuna mata cewa kogin nan ba a Badagry yake faɗawa teku ba. Ta duba, ta juya takardar sama ta koma ƙasa, ta ce, "Taswirar taki ta taɓa shiga kwalekwale?" Ina shekara goma sha biyu na daina amsa mata gaba ɗaya. Ta ce ga baƙuwa a ƙofa, ni ina duƙe kan aikin makaranta, in ce mata da Turanci ta bari sai anjima. Sai ta ɗan jira, sannan ta amsa wa kanta, ta ba hita labarin Talatu daga farko har ƙarshe. Har yau idan na tuna wannan kunya ke kama ni.

Ina shekara goma sha shida mantuwa ta fara cin ta. Ta zuba sukari a miyar kuka. Ta yi La'asar sau biyu. Ta fara tambayar Baba ko ƙarfe nawa kwalekwale ke tashi. Mama, wadda aikinta ke nan, ta fi kowa sanin abin da ke zuwa, amma ba wanda zai iya ajiye aiki ya zauna da ita.

Wata ranar sanyi, ƙanƙarar da ta zuba kwana biyu baya ta fara narkewa, na dawo daga makaranta wajen ƙarfe uku na tarar da ƙofa a buɗe. Hita na kunne. Rigar sanyin Kaka na rataye a inda take. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado, babu jaka. Na san zani da mayafi da silifa kawai ke jikinta, rana kuma kafin biyar take faɗuwa.

Mama ta baro aiki, Baba ya zo da mota. Muka duba tashar jirgi, muka duba masallaci, muka buga ƙofar duk wani Bahaushe da muka sani a unguwar. Ba wanda ya gan ta. Na ce a kira 'yan sanda. Mama ta riƙe hannuna.

"Ummi, in sun same ta takardunta za su fara tambaya. Su ɗauke ta su kai ta ina? Mu ƙara dubawa tukuna."

Muka ƙara dubawa, awa ɗaya da rabi muna zagaye titunan da muka riga muka bi. Ranar na fara ɗaga wa mahaifiyata murya. Na ce mata gara a kama Kaka da rai da mu same ta a sandare. Mama ta fashe da kuka, Baba ya ɗauki waya ya kira. Aka ce mu koma gida mu jira, za a turo mota.

Ni ban iya hawa benen ba. Na tsaya a ƙofa, ban san addu'ar da zan yi ba, sai maimaita sunan Allah nake. Ina kallon ƙasa sai na ga ruwan ƙanƙara yana gudu a gefen titi, siriri, yana gangarawa. Duk inda muka duba inda mai hankali zai je ne. Kaka kuwa gida za ta, kuma ta gaya mini hanyar ya fi sau ɗari. Na bi ruwan da gudu. Ya sauka titinmu, ya karya kwana, ya wuce shaguna, ya kai ni kogin Patuxent da ke bayan gari, inda wata 'yar hanyar ƙafa ke bin gaɓa. Na bi ta ɓangaren da ruwa ya nufa ina kiran sunanta har maƙogwarona ya yi zafi.

Can na hango ta zaune kan wani faɗaɗɗen icce, jaka a cinya, silifa ɗaya a ƙafa. Leɓɓanta sun yi fari, haƙoranta na haɗuwa. Ta dube ni da fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Sannu 'yan mata. Lokoja da saura?"

Na cire rigata na rufa mata, na kira Baba. Mota ba ta shiga wurin, kafin su iso da ƙafa duhu ya rufa, titi kuma yana bayanmu, sai an juya wa ruwa baya. Na ce Kaka tashi mu koma. Ta ƙanƙame jakarta ta ce ita ba ta san ni ba, kuma an hana ta juyawa. Na ja ta, na roƙe ta, na yi kuka. Tsohuwar da na ɗauka iska za ta kayar, na kasa ko motsa ta. Ina ji yatsunta sun fi ƙarfe sanyi.

Da dabara ta ƙare mini sai na durƙusa gabanta cikin laka, na ce da Hausata mai karkata, "Ga baƙuwa a ƙofa."

Ta ɗago. "Ta shigo mu ji ta."

Na fara ba ta labarin Talatu, wanda na shekara huɗu ina toshe wa kunne, ashe duk yana nan. Da na ce giwa mai haure biyu ta gyara mini, ta ce ɗaya. Da na kai maganar giwa sai na yi ƙarya. Na ce giwa ta ƙara da cewa, kada ki shiga kwalekwale sai kin koma kin ɗauko takwararki.

"Ba haka take ba," in ji Kaka.

Ta mai da kallonta kan ruwa. Na san na rasa. Sai ta dafa kafaɗata.

"Amma kin tuna mini. Na bar Takwara ita kaɗai, ga murhu a kunne. Kama ni mu je."

Ta tashi, ta juya wa kogin baya. Tun daga nan har muka haɗu da fitilar su Baba tana yi mini faɗan sauri, wai yarinyar ba ta da hankali, za ta iya taɓa wuta.

Yatsun ƙafa biyu ta rasa. A asibiti ba wanda ya tambayi takardunta, kuma wannan ya fi komai cin ran Mama. Kaka ta ƙara shekara biyu, ta rasu, aka binne ta a nan Maryland, a maƙabartar da ko rafi babu kusa.

Sai da na fara aiki na samu zuwa Najeriya. Na shiga ruwan Wikki na ga farcen ƙafata. Gwaggon biri ya fizge mini burodi, na zauna ina kuka, masu yawon buɗe ido suna ba ni haƙuri a kan burodi. Na ga ruwa biyu a Lokoja. Da ina yarinya na ɗauka darasin Talatu shi ne naci, ka bi hanyarka kada komai ya tsayar da kai. Yanzu na lura Talatu ba ta bar kowa a baya ba, shi ya sa ta isa. Kaka ta san hanya sarai. Sau biyu tana juya wa ruwa baya, na farko don Mama, na biyu don ni, kuma ba na jin ta yi kuskure, sai dai abin yana yi mini ciwo.

A Badagry na ji teku tun ban gan shi ba. Na sauka ƙarƙashin itatuwan kwakwa da jakarta a hannuna, har lokacin ba a kwance ta ba. Na zauna kan yashi, na miƙe ƙafa, na ce ga baƙuwa a ƙofa. Na ɗan jira yadda ita takan jira ni, sannan na amsa wa kaina.

Nan na ajiye ta, Kaka, inda kika so ki kai ta.