Abin da na gani a karar Mashi

Ana sallame Asuba muka bar Daura, ni da abokin kiwona, za mu kasuwar dabbobi a wajen Mashi neman tumaki. Mu huɗu direba ya cusa a gaba, gwiwata tana canza masa giya. A Shargalle muka tsaya muka ci ƙosai, wanda yanzu ya ƙanƙance har sai ka laluba shi a takarda.

Hantsi ya ɗaga muna cikin kara muna taya wata tunkiya, sai ihu. Wani magidanci mai lodin shanu ne ya yanke jiki ya faɗi. Abokan aikinsa suka ce ƙwayar ƙarin ƙarfi ya saya a tallan faranti, irin wadda ya saba haɗiya kullum. Leɓɓansa sun yi baƙi, yana wani munshari, numfashi sai an jima ya ja ɗaya.

Jama'a, ku ji aikin da aka yi masa. An kwantar da shi rigingine, aka ɓare bakinsa da cokali ana ɗura masa nono, wai zai kashe dafin. Mutumin da ba ya iya haɗiya! Ina kallo nonon yana dawowa ta hanci. Na ce a juya shi gefe ɗaya a nemo mota, sai yayansa ya tare ni.

"Malam, barci ne, zai wartsake. Mu kai shi asibiti a ce gidanmu akwai ɗan ƙwaya?"

Wallahi sai da abokina ya riƙe ni. Mun fi awa guda muna wannan shirmen kafin aka yarda muka ɗora shi a motar itace.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ya sha. Yayan ya ce zazzaɓi ne. Na ce ƙarya ne, na miƙa mata ragowar ƙwayar da na karɓo daga abokan aikinsa. Ta ce irin waɗannan ana gauraya su da abin da mai tallan ma bai sani ba, launi ɗaya ne amma ta yau ba ta jiya ba ce. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Nonon ya riga ya shiga huhu, kafin La'asar rai ya yi halinsa. 'Ya'ya huɗu ya bari.

Ba mu sayi ko akuya ba, muka juyo Daura. Abin da na koya ke nan: wanda ya sume kada a ba shi komai ta baki, a kwantar da shi gefe, kada a bar shi shi kaɗai, a garzaya asibiti da abin da ya sha, a faɗi gaskiya.

Da muke rabuwa a asibiti, yayan ya kama hannuna yana kuka, ya ce idan an tambaye ni in ce hawan jini ne. Allah Ya jiƙan ƙaninka, amma ni ba zan faɗi haka ba.