Kifayen ɗakin takaba

Shekarar da mijin yayata ya rasu ce na kawo kifi Gure, garin da ba ya da kogi sai tudun rairayi. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya yi hatsari a hanyar Difa, aka binne shi can tun labari bai iso mana ba. Yaya ta shiga takaba a gidanta, ba fita, ba lalle, ba kwalli, Innarmu ta koma can tana taya ta zama.

Yaya ba ta yi kuka ba. Masu gaisuwa suna ta yaba haƙurinta, ni kuwa tsoro ne ya kama ni. Wuni take tana kallon ƙofa, abinci sai an yi da gaske take taɓawa. A idonmu take ramewa, kuma ban san ta inda zan kama ba.

Ina da ƴar butik, wato ɗan shago, ta kayan salula, nakan je Damagaram sari. A can na ci karo da wani Bakano mai sayar da ƙananan kifaye na ado a akwatunan gilashi. Na tsaya kallo har na manta da abin da ya kawo ni, sai na ce a raina ko ba komai Yaya ta samu abin kallo wanda ba ƙofa ba.

Iri biyu ya nuna mini, duka ba su kai ɗan yatsa ba. Na farko ruwan toka ne masu zane a jiki, ba sa zama wuri ɗaya. Na biyu suna da shuɗin layi mai ƙyalli, rabin jikinsu ja. Ya ce duka masu tafiya a garke ne, in aka raba ɗaya da ƴan'uwansa lalacewa yake, don haka in zaɓi iri guda in ɗebi da ɗan yawa. Da ya ji Gure za ni, sai ya gaya mini gaskiya: masu zanen suna jure zafi da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, masu ƙyallin kuwa ba wuya sun mutu.

Nan take na tsayar da shawara a kan masu toka. Ɗakin takaba ba wurin ƙyalƙyali ba ne, sannan ba ni ne zan sake kai mutuwa gidan nan ba. Na aika hotuna, na kira Inna. Ta fara da faɗan kifin da ba a ci, mene ne amfaninsa, daga baya ta ce in dai dole ne, in kawo marasa launin don kada masu gaisuwa su samu abin faɗa. Sai na ji an karɓi wayar.

"Masu jan za ka kawo," in ji Yaya. "Ni aka hana ado, ba su ba."

Na ce mata ba su da ƙwari, suna iya mutuwa a hannunta. Ta ce ta ji, in kawo su. Rabon da ta nemi wani abu da bakinta tun ranar da aka yi rasuwar, ina ni ina musu.

Haka na taho da su a leda, na naɗe da jiƙaƙƙen tawul, na rungume a mota kamar jariri, akwatin gilashinsu a gefena. Yaya ta lulluɓe bayan akwatin da jiƙaƙƙen buhu yadda ake sanyaya tulu. In kuran ya tafi, sai ta zauna da mafici tana fifita saman ruwan. Gwaggonmu kullum ta zo sai ta tambaya yaushe za su isa suya. Inna da ta fi kowa ƙorafi ita muka riƙa kamawa tana ƙara musu abinci a ɓoye.

Da bazara ta yi tsanani, ɗaya ya ware daga garken, ya koma ƙasa yana karkacewa. Ni da Inna muka ƙulla in cire shi in Yaya ta ta da sallar azahar. Ina tsaye da ludayi a hannu ina fama ta sallame sallar.

"Ajiye ludayin nan," ta ce.

Ta jawo tabarma ta zauna gaban gilashin. Ba ta tashi ba sai don la'asar, ta dawo ta ci gaba da kallonsa yana buɗe baki a hankali. Na rasa wurin sa kaina don tausayi, na zauna a bakin ƙofa. Rana ta yi sanyi kafin ya daina motsi. Da hannunta ta tsamo shi, ta fita tsakar gida ta tona ɗan rami a gindin zogale ta rufe shi.

Ta daɗe a tsugune tana shafa ƙasar. Sannan ta ɗago ta dubi Inna.

"Wannan na ga tafiyarsa, Inna. Shi maigidan ko ruwa ban ba shi ba."

Sai kukan ya zo mata, mai ƙarfi, har maƙwabta suka jiyo. Na yunƙura zan ba ta haƙuri, Inna ta riƙe mini riga ta ce in ƙyale ta.