Jitar Baba Bitrus

Baba Bitrus, maƙwabcinmu a Galtimari, ya goga wuyan kwalba a kan tsirkiyar jitarsa kamar kullum. Maimakon kukanta mai daɗi, sai ƙarar gwangwani.

Tsohuwar jita ce mai jikin ƙarfe, gadon yayansa. Ya kawo ta garejinmu in goge tsatsa kawai. Da na buɗe, na ga wani siririn farantin ƙarfe a lanƙwashe a cikinta, sai na zauna da guduma na miƙe shi kamar ƙofar mota.

"Modu, ka taɓa cikinta?"

"Gyara na yi maka, Baba."

Ya jima yana kallonta. "Ɗana, lanƙwasar nan ce muryarta."

Har godiya ya yi mini. Wallahi gara ya zage ni.

Jama'a, wa ya san mai iya dawo mata da murya?